Babi na 7: Rage ƙarfin ampilin gita mai lamp ba tare da an kashe daɗin muryarshi ba

Assalamu alaikum ƴan aji. Wanga babi na waɗanda suka haɗa ampilin gita da hannunsu ne, irin mai lamp, wato kwalaben nan na gilashi da ke yin ja in sun ɗauki zafi kamar na rediyon kakanninmu. Wanda nashi na transisto ne na kasuwa ya tsallake, ba da shi muke ba.

Kuka ɗaya kuke kawo mini kullum, malam ampilin ba ya daɗi sai an buɗe shi ƙarshe, in an buɗe kuma gidan maƙwabta ba barci, to gaskiya ne, a Zariya ko Mokoyo katanga guda ta raba ka da dattijon da ya kwanta tun bayan isha'i. Muryar nan mai kaushi da kuke ji wurin masu gitar Agadas lamp ne ke ba da ita in an matsa mishi, in ka rage maɓallin murya ta gudu. Dabarar ita ce a rage babban kuran da ke ciyar da lamp, sai ya riƙa yin kaushin tun murya na ƙasa. Wani ɗan Kanada Kevin O'Connor na kamfanin London Power shi ya sa ma abin suna Power Scaling, mu mai sauƙin za mu yi wanda ake rubutawa VVR. Ba sai kun haddace ba.

Darasi na 1: Mi za mu rage

Kuran na gida 220 ne. Transfon da ke cikin ampili yana ɗaga shi har bolt 300 ko 350, wani ma ya wuce. A takardar zane wannan babban kuran ana rubuta shi B+, harafin B da alamar tarawa. Shi za mu sa ma famfo. In ka rage shi rabi ƙarfin ampili yana komawa wajen kashi ɗaya cikin huɗu. Ƙaramin kuran na 6.3 mai dumama lamp ba a taɓa shi, a bar shi yadda yake.

Aikin ga na ƙaramin ampili ne irin Fender Champ mai lamp 6V6 guda, wat 5, ko mai EL84. Yadda za ka gane naka ya dace, dubi ƙafa ta 8 ta 6V6, ko ƙafa ta 3 ta EL84, in akwai rezistans mai kauri, ɗan abin nan mai rage gudun kuran, tsakaninta da mas, wato ƙarfen jikin ampili, to bismillah. In waya ce kurum ta tahi mas, tsaya, naka wani iri ne, sai babi na gaba. Amma kar ka leƙa tukuna, sai ka gama darasi na 2.

Darasi na 2: Zubar da kuran

Nan ne zan daɗe, ku yi haƙuri da ni. Cire fulogi daga bango ba ya nufin kuran ya ƙare. Manyan kondansater ɗin nan masu kama da gwangwanin tumatir suna riƙe kuran kamar randa, ka cire fulogi ka tahi sallah ka dawo yana iya kasancewa ciki, kuma bolt 350 yana kisa. Ba tsoratarwa ba ce, kisa nake nufi, na likkafani.

Ga yadda ake yi. Cire fulogi daga bango, ba kashe maɓalli ba, cire shi ka aje inda idonka ke ganinshi. Ɗauki rezistans 100K mai wat 5 da ka liƙa ma waya biyu masu bakin kada, ka naɗe jikinta da salatif. Bakin kada na fari ka maƙala ma shasi, wato ƙarfen jikin ampili, shi ne mas. Mas ake fara maƙalawa kullum. Sannan ka sa hannun hagu aljihu, ee aljihu, da hannu guda ka maƙala na biyu ga ƙafar kondansater mai alamar tarawa. Ka ƙirga sittin a hankali. Dalilin aljihu, in hannu biyu na ciki kuran ya shiga ta wannan ya fita ta wancan, zuciya ce a hanya.

Yanzu awo. Juya mita ta kai harafin V mai miƙaƙƙen layi bisa kai, ba V mai layi kamar maciji ba, wancan na kuran bango ne. Wurin nan kusan kowa ke faɗuwa a aji, ba wauta ba ce, alamun ƙanana ne, kawo mitar kusa da ido ka duba. Miƙaƙƙen layi. Sa ta kan 1000, in taka 600 ce ƙarshe sa 600. Kafin ka yarda da ita gwada ta da batir mai bolt 9, in ta nuna 9 ko 8 tana da rai, in ba ta motsa ba mitar ce matacciya, kuma matacciyar mita sifili take nuna ma komi. Baƙar waya ga shasi, ja ga kondansater, hannu na aljihu. In ka ga ƙasa da 10 madalla. In ka ga 40 ko 120 koma ka sake ƙirga sittin.

Ku lura da ɗigo. 3.2 uku ne da ɗan kai, 32 talatin da biyu, 320 kuwa ɗari uku da ashirin ne, shi ne mai kai mutum kushewa. Karanta lambar da baki a ji, ba kunya, ni ma haka nake yi har yau.

Kondansater nawa ke cikin ampilinka? Uku? To auna ukun, ɗaya bayan ɗaya. Kuma ka bar bakin kadan a maƙale duk tsawon aikin don kondansater yakan sake tara ɗan kuran da kanshi bayan an zubar. Sai za ka kunna ka cire.

Mu maimaita tare: cire fulogi, mas, aljihu, sittin, auna. Ka rubuta kalmomin nan biyar da alli jikin teburinka, dama koyon rubutu ne.

Wani a ajin bara ya ce shi turnabis yake sawa ya haɗa ƙafar da shasi, tas, an gama. Ya yi a gabanmu kafin in hana, bakin turnabis ya narke, shi kuma ya koma baya da kujera. Wallahi na gaji da faɗa, mutum da gemunshi da ƴaƴa huɗu amma sittin ta gagare shi ƙirgawa, shayi kuwa sai ya zauna awa biyu yana jiran na uku. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Kar in sake gani.

Darasi na 3: Kaya da karatun haruffa

K na nufin dubu, M na nufin miliyan. 100K dubu ɗari ke nan, 1M miliyan guda. In za ka kasuwa kwafi sunayen a takarda ka miƙa ma mai shago, kar ka dogara da baki.

Kana buƙatar mosfet, wani irin transisto ne, shi ne famfon namu, mai jure bolt 800 irin IRFPE50, IRF840 ma ana sawa amma shi 500 ne iyakarshi, ga ƙaramin ampili kaɗai. Sai potansiyo, wato maɓallin juyawa mai ƙafa uku, 1M wanda aka rubuta B1M, rezistans 100K guda biyu, rezistans om 10 mai wat 5, diyod zena mai bolt 12 da zai kare mosfet, kondansater 16 ko 22 mikro mai bolt 450 ko 500, ledar mika da farin man zafi. Abin da babu a babbar kasuwa a ba ƴan Kano saƙo, Sabon Gari ana dacewa. Kar ka riƙa shafa ƙafafun mosfet, musamman da hunturu da jiki ke tara ɗan kuran nan mai tsartuwa, yana kashe shi ba ka sani ba.

Riƙe mosfet rubutu na kallonka, ƙafafu ƙasa. Daga hagu G, tsakiya D, dama S.

Darasi na 4: Haɗi

Kafin ka ɗauki ƙarfen dalma, cire fulogi, mas, aljihu, sittin, auna. Ko ka yi ɗazu, sake.

Nemo wayar da ta fito daga lamp mai gyara kuran, 5Y3 a Champ, ko daga diyod, ta tahi kondansater na fari. Yanke ta. Gefen da ya fito daga 5Y3 ka sa mishi sabon kondansater, tarawa ga wayar, ɗebewa ga mas, ka kai shi D. Daga D ɗin waya zuwa ƙafar gefe ta potansiyo. Ɗaya ƙafar gefen, 100K zuwa mas, ita ke hana kuran sauka ƙasa da kamar kashi ɗaya cikin goma. Ƙafar tsakiya, ɗaya 100K zuwa G, a liƙa ta dab da ƙafar mosfet. Daga S, om 10 zuwa tsohon kondansater. Zena kuma gefe mai zobe ga G, ɗaya gefen bayan om 10.

Bayan mosfet ƙarfe ne kuma haɗe yake da D, wato B+ na jikinshi. In za ka ɗaure shi ga shasi don ya sha iska dole mika ta shiga tsakani da man zafi, sannan ka auna da mita ka tabbata ba su haɗu ba. Nesa da lamp da transfo. Zafin Maraɗi a watan Afrilu ya wuce 40, mosfet kuma ya fi zafi in maɓallin na tsakiya, ba shi faffaɗan ƙarfe.

Yanzu randa biyu gare ka, gaban mosfet da bayanshi. Duk ran da za ka buɗe, auna duka biyu.

Darasi na 5: Gwaji

Jona sifika tukuna, ampili mai lamp ba a kunna shi babu sifika, transfon fita ke lalacewa. Cire bakin kada. Maƙala mita bayan om 10 kafin ka sa fulogi, kunna, juya potansiyo. Lamba ta hau ta sauka, daga wajen 30 zuwa kusan cikakke. In ta tsaya wuri guda kashe, zubar da kuran, dubi zena, galibi a juye take. In maɓallin na aiki baibai musanya ƙafafun gefe.

Darasi na 6: Ƙarar karce

In an rage sosai kuma maɓallin jikin gita na ƙara kar-kar, sa ƙaramin kondansater a mashigar gita kafin lamp 12AX7. Wanda bai gane ba ya kawo ampilin aji ran Asabar, a zube, zan auna a bakin ƙofa.