Yadda Ake Sarrafa Fulawa, Daga Awo a Kasuwa Zuwa Kwaɓin Fanke da Cincin

Sau da yawa idan fanke ya fito a dunƙule ko cincin ya yi tauri kamar tsakuwa, sai uwargida ta ɗora wa fulawar laifi, alhali matsalar daga wajen kwaɓi take. Fulawa garin alkama ce da aka raba da dusarta, kuma a cikinta akwai wani sinadari da yake zama danƙo idan ya haɗu da ruwa aka murza shi. Wannan danƙon shi ne yake riƙe iskar da yis ke fitarwa har kwaɓi ya kumbura, kuma shi ne dai yake taurara cincin da kek idan aka matsa musu da murza. Saboda haka, kafin ki sa hannu a kwaɓi, ki fara tantance ko abin da za ki yi yana bukatar danƙo ko ba ya bukata.

Idan kin je Kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal da ke garin Bauchi za ki auno a mudu, kada kunya ta hana ki ɗiba kaɗan ki shinshina. Fulawa mai kyau ba ta warin gumi ko na tsami, kuma idan kin dunƙula ta a tafin hannu kika taɓa da yatsa, nan take za ta warware. Wadda ta tsaya a cure ta sha danshi, ki bar musu abarsu ko da an rage miki kuɗi. Mai sana'ar da za ta ɗauki buhu mai kilo 50 kuwa, ta duba ranar ƙarewar wa'adinsa da kuma alamar ido da ke nuna an ƙara masa bitamin A, kamar yadda doka ta wajabta wa kamfanonin fulawa a Nijeriya tun 2002. A gida, ki juye ta cikin roba mai murfi, ki ɗora a kan benci nesa da ƙasa, musamman a watan Agusta da damina ke kankama a Bauchi. Ki kuma nisanta ta da kalanzir da sabulu da daddawa, domin tana saurin ɗaukar wari. Tankaɗe da rariya dole ne a kowane aiki, ko da yanzu aka buɗe buhun.

Fanke yana cikin abubuwan da suke son danƙo. Ki auna fulawa rabin kilo, wato kimanin kofi 4 da ba a danna ba, ki zuba sukari rabin kofi, yis ƙaramin cokali 2 da gishiri rabin ƙaramin cokali, sannan ki riƙa zuba ruwan ɗumi a hankali har ya kusa kofi 2. Ɗumin ruwan kada ya wuce wanda za ki yi wa jariri wanka da shi, domin ruwa mai zafi sosai kashe yis yake yi. A nan ne aikin yake: ki buɗe yatsunki ki riƙa bugun kwaɓin kina ɗago shi sama na kamar minti 5, har sai kin ga yana biyo hannunki yana miƙewa ba tare da ya tsinke ba. Ki rufe ki ajiye a wuri mai ɗumi. A zafin Maris da Afrilu minti 45 ya ishe shi, amma da hunturu yakan kai awa 2, kuma ni a ganina gara ki kai shi rana ko kusa da murhu da ki ƙara yis, wanda zai bar miki ɗanɗanon tsami. Idan ya ninka, kika ga ƙananan ramuka a samansa, ki gwada man da ɗan ɗigon kwaɓi. In ya nutse ya taso nan da nan, mai ya yi daidai, amma in ya kwanta a ƙasa, fankenki zai sha mai.

Cincin kuwa akasin haka yake. A rabin kilon fulawa ki fara murtsuke bota giram 100 da yatsu har garin ya yi kamar tsaki, domin maiƙon da ya lulluɓe shi ne yake hana danƙo tasowa. Sai ki sa sukari rabin kofi, bekin foda ƙaramin cokali 1, ƙwai 1, ɗan gyaɗar ƙamshi, da madara daidai wadda za ta haɗe kwaɓin. Da zarar ya haɗu ki ɗauke hannunki, ki rufe shi ya huta minti 15 kafin ki murza da muciya ko kwalba ki yanka. Kek ma haka ne, ba a ci gaba da bugu bayan an zuba fulawa.

Idan garin alkama za ki yi amfani da shi wajen alkubus ko funkaso, wanda aka kai inji aka niƙo da dusarsa, ki sani ya fi fulawa shan ruwa kuma bai kai ta tashi ba. Ki ƙara masa ruwa kaɗan, ki ba shi lokaci ya jiƙu sosai, in kuma kina son alkubus ɗin ya yi laushi, ki haɗa rabi garin alkama rabi fulawa.