Yadda ake zaɓar girman inji idan za a yi wa Bitil aikin inji

Ranar da bakanike ya sauke injin Volkswagen Bitil, tambayar da zai yi wa mai mota ita ce: "Alhaji, a mayar da shi yadda yake, ko a ƙara masa girma?" Kada ka yi saurin amsawa. Motar nan ba ta da lagireto, iska da baƙin mai ne kaɗai ke sanyaya ta, kuma duk ƙarin girma ƙarin zafi ne.

Fara da sanin abin da ke hannunka. A auna faɗin fistan: milimita 77 na inji mai cc 1200 ne ko 1300 (cc shi ne ma'aunin girman inji), 83 na 1500, 85.5 kuma na 1600, wanda ainihin girmansa cc 1584 ne. Tafiyar fistan a 1200 milimita 64 ce, a sauran 69. In 1200 gare ka kuma kana son ƙarfi, gara ka zaga Dilimi, kasuwar kayan mota a nan Jos, ka nemi gangar injin 1600 mai lafiya.

Sai ka duba hanyoyin da kake bi. Jos tana kan tudu, kimanin mita 1,200 sama da teku, iskarta ba ta da kauri, shi ya sa inji ke rasa kusan kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa a nan. Mai zirga-zirga daga Bukuru zuwa Terminus a tsakiyar Jos, 1600 ya ishe shi har da saura. Ni shi nake ba kowa shawara, don silindarsa na da kauri, kaburetarsa ta asali ta dace da shi, kayansa ma sun fi samuwa.

Wanda ke sauka Abuja yana dawowa ta Hawan Kibo da iyali a mota, shi ne zai iya tunanin 1776, mai fistan 90.5. Amma dole a kai ganga da kan silinda wurin masu gurza ƙarfe a faɗaɗa su, kuma abin da aka gurje ba ya dawowa. A nemi gwani.

Biyu nake roƙo a guje wa. Fistan 87, wato 1641, yana jan hankali saboda yana shiga ba tare da gurzawa ba, sai dai bangon silindarsa siriri ne, zafi na lanƙwasa shi, ringi ya daina riƙewa. Haka 1835 na siririn bango mai fistan 92. Yana yi mini ciwo in ga mutum ya zuba kuɗinsa a kansu don motar zuwa aiki.

Kowanne ka zaɓa, a mayar da duk gwangwanayen da ke kewaye da silinda (su ke juya iska kan inji) da robar ɗakin inji, a wanke na'urar sanyaya mai, a ɗaure fanbel daidai. Bayan an tayar, ka ɗan lallaɓa motar, a canza baƙin mai da wuri, a sake saita bawul a kan milimita 0.15 da safe, inji na sanyi.