Duba yaro don sanƙarau: inda hannu yake kuskure

Sunan cutar ne yake fara ruɗa mu. Da an ce sanƙarau sai hannu ya tafi wuya. In ya lanƙwasu, a ce maleriya ce, a sallami uwa da ƙwayoyi. Alhali jariri, har zuwa wajen wata 18, yakan kamu da ita wuyansa bai sanƙare ba. Uwar za ka tambaya: ya ƙi nono? Kukansa ya koma siriri mai tsini? In an ɗauke shi kukan ƙaruwa yake yi? Jinjiri ma jikinsa yakan yi sanyi maimakon zafi, kuma a hunturun Jos nan da nan sai a ɗora wa gari laifi.

Maɗiga ita ce abin lura, amma akan taɓa ta yaro na kwance yana tsala kuka. Kuka kaɗai yana kumbura maɗigar lafiyayye. A zaunar da shi a cinyar uwarsa, a jira ya yi shiru. In har a haka tana cike, ta yi tauri, magana ta tashi.

Yaron da ya tasa kuwa, kada ka cafki kansa ka danna. Tsoro zai sa ya ƙanƙame, ka rubuta abin da babu. Ni makulli nake kaɗa masa a saitin cibiya. In haɓarsa ta sauko ƙirji don kansa, wuya lafiya. Gwajin Brudzinski, wato ka ɗaga kan yaro gwiwoyinsa su naɗe, da na Kernig, inda miƙe ƙafa ke sa ciwo, in sun fito shaida ce. In ba su fito ba, ba su wanke yaro ba.

Ƙuraje fa? A baƙar fata ɓoyewa suke. A tuɓe shi duka, ko da uwa na jin masa sanyi, a duba tafin hannu da na ƙafa, cikin baki da cikin fatar ido. Ɗigon da ka danna da kofin gilashi bai dushe ba, wannan na gaggawa ne.

Wanda ya fi ba ni takaici shi ne a ga gwajin maleriya ya nuna akwai, shi ke nan a rufe kati. Cututtukan biyu suna haɗuwa a jiki ɗaya. Yaro mai zazzaɓi da ya shiɗe, ko ba ya gane mutane, a yi masa allurar ceftriaxone (maganin kashe ƙwayoyin cuta) ta farko, a rubuta lokacin da aka yi ta a takarda, a tura shi JUTH (Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos) ko babban asibiti mafi kusa. Ɗibar ruwan baya can za a yi.