Bayan an cire mahaifa: kurakuran da aka fi yi game da gwaji da komawa asibiti

Wata yayata ta sha doguwar naƙuda a haihuwarta ta bakwai har mahaifa ta fashe, aka garzaya da ita asibiti cikin dare ba ta san inda kanta yake ba, mijinta ya sa hannu a takarda, likitoci suka yi abin da ya ceci ranta. Da ta farfaɗo, abin da aka gaya mata bai wuce cewa an cire mahaifa ba kuma haihuwa ta ƙare. Shekaru bayan haka ma'aikatan lafiya suka zo unguwarsu suna kiran mata gwajin bakin mahaifa, na ce mata ta je, sai ta yi dariya ta ce, "Ni da ba ni da mahaifar, me za su duba?" Da ƙyar ta yarda. Nas ɗin da ta duba ta ba ta daɗe ba ta ɗago kai ta ce, "Hajiya, ai bakin mahaifarki yana nan, ba a taɓa shi ba." Duk tsawon waɗannan shekaru tana ɗauke da sashen mahaifar da sankara ta fi kamawa, alhali ta ɗauka ta rabu da shi.

Babban kuskure ke nan, kuma sauran kurakuran kusan duka daga gare shi suke tasowa: mace ba ta san ainihin abin da aka cire mata ba. Aikin cire mahaifa ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda ake ɗauke mahaifa tare da bakinta, akwai wanda ake yanke gangar mahaifar kawai a bar bakin a wurinsa, akwai kuma babban aiki da ake yi saboda sankara, wanda ake haɗawa da naman da ke kewaye da bakin mahaifa da ɗan sashen saman farji. Idan aikin gaggawa ne, kamar fashewar mahaifa ko jinin da ya ƙi tsayawa bayan haihuwa, sau da yawa likita yakan bar bakin mahaifar, domin hakan ya fi sauri kuma ya fi rage zubar jini a lokacin da ake tsere da mutuwa. Irin wannan aiki ba baƙo ba ne a asibitocinmu, kuma matan da ake yi wa shi su ne waɗanda ba su cikin hayyacinsu lokacin da ake bayani. Tabon da ke kan fatar ciki ba ya nuna wane iri aka yi. Gyaran wannan kuskure yana cikin takarda: a nemi takardar sallama ko a sa a ɗauko fayil, a tambayi likita kai tsaye ko bakin mahaifa yana nan. A Najeriya, idan an rubuta TAH, galibi ana nufin an cire mahaifa da bakinta ta hanyar buɗe ciki, idan kuma aka ga kalmar subtotal, ko subtotale a takardun asibitocin Nijar, to bakin yana nan. Idan takardar ta ɓata, wanda yakan faru, dubawar 'yan mintuna a wurin likitan mata ko ƙwararriyar ungozoma ta isa ta raba gardama.

Wadda aka bar wa bakin mahaifa, hukuncinta daidai yake da na kowace mace da ba a taɓa yi wa aiki ba. Ƙwayar cutar HPV, wadda ake ɗauka ta hanyar saduwa kuma ita ce sanadin kusan dukkan sankarar bakin mahaifa, ba ruwanta da ko akwai mahaifa a sama ko babu. Nau'i biyu daga cikinta, na 16 da na 18, su ke haddasa kusan kashi 70 cikin 100 na wannan sankara. Shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021 ita ce mace ta fara gwajin ƙwayar HPV daga shekara 30, ta maimaita bayan kowace shekara 5 zuwa 10, mai ɗauke da HIV kuma ta fara daga shekara 25, ta maimaita bayan kowace shekara 3 zuwa 5. Inda babu wannan gwaji, ana yin gwajin Pap, wato a shafo ƙwayoyin jikin bakin mahaifa a duba su a madubin ɗakin gwaji, ko kuma a shafa ruwan tsami na asibiti a duba da ido ko wani wuri zai yi fari. Amfanin gwajin shi ne cutar tana tafiya a hankali: daga sauyin farko a ƙwayoyin jikin bakin mahaifa zuwa sankara yakan ɗauki shekara 15 zuwa 20 a jikin mace mai ƙarfin garkuwa, kuma a duk tsawon wannan lokaci ba ciwo ba alama. Jiran sai an ji wani abu kafin a je, jiran makara ne.

Akwai kuma kishiyar wannan kuskure, wanda aka fi gani a wurin matan birni masu hali da kula da lafiyarsu. An cire mata mahaifa da bakinta gaba ɗaya saboda ƙarin mahaifa ko yawan zubar jini, ba ta taɓa samun mummunan sakamako a gwaji ba, amma duk shekara sai ta biya kuɗi a yi mata gwajin Pap. Ba ta buƙatarsa. Kwamitin masana da ke ba da shawara kan rigakafin cututtuka a Amurka ya faɗi haka ƙarara a 2018, cewa kada a ci gaba da gwada matar da aka cire wa bakin mahaifa muddin ba ta da tarihin sankara ko sauyi mai tsanani. Dalilin a fili yake: abin da ake shafowa a jikinta ba bakin mahaifa ba ne, saman farji ne inda aka ɗinke, kuma sankarar farji cuta ce da ba a cika samu ba. Abin da irin wannan gwaji ya fi haifarwa shi ne sakamako mai ruɗani, sai a shiga maimaitawa da yankar nama da kwana cikin fargaba a kan abin da ba zai taɓa zama komai ba. A ganina kuɗin da ake zubarwa a nan ya fi amfani idan aka kai ƙanwa ko 'yar aiki da ba a taɓa gwadawa ba.

Sai dai kalmar "muddin" da ke cikin waccan shawara tana da nauyi, kuma nan ne aka fi yin sakaci mai hatsari. Matar da aka taɓa samu da sauyi mai tsanani a bakin mahaifa, wanda ake rubutawa CIN 2 ko CIN 3, ko wadda aka yi wa aikin saboda sankarar bakin mahaifa, ba ta fita daga sahun masu gwaji ba ko da an cire komai. Ƙwayar cutar tana iya zama a fatar saman farji ta haifar da irin wancan sauyi a can. Ƙa'idar da ƙungiyar ƙwararru ta Amurka ta sabunta a 2019 ta ce wadda aka yi wa aiki saboda irin wannan sauyi a gwada ta sau ɗaya a shekara har sau uku a jere, sannan a koma duk bayan shekara 3 har tsawon aƙalla shekara 25. Wadda ta yi sankara kuwa, likitan sankara ne zai tsara mata lokutan dawowa, kuma sun fi kusa da juna a shekarun farko.

Wannan ya kawo mu ga wata takarda da ake yawan mantawa da ita. Duk naman da aka cire a tiyata ya kamata a kai shi ɗakin gwaji a yanka a duba. A asibitoci da yawa ana miƙa wa 'yan uwa robar da naman ke ciki a ce su kai, su biya, su dawo bayan makonni su karɓi sakamako. Majinyaciya ta warware, an koma gida ana ta barka, sai a ga ba wani dalilin komawa. Wasu ma ba sa kai robar, binne ta suke yi. Amma a wannan sakamako ne ake gano ko akwai wani sauyi da ba a zata ba a bakin mahaifa ko a cikinta, kuma shi ne zai nuna ko mace ta gama da gwaji ko tana da sauran shekaru 25 na gwaji a gabanta. A karɓo shi, a nuna wa likita, a ɗauki hotonsa a waya, a adana shi inda ake ajiye takardun gida.

Wani ruɗani kuma yana kan gidan ƙwai. Mutane suna jin an ce an cire mahaifa "gaba ɗaya" sai su ɗauka har da shi, alhali wannan kalma a bakin likita mahaifa da bakinta kawai take nufi. Cire gidan ƙwai aiki ne dabam, kuma idan an yi shi tare da bututunsa na dama da hagu akan ƙara haruffan BSO a takarda. Wadda aka bar mata shi za ta daina ganin al'ada, amma jikinta zai ci gaba da samar da sinadaransa har lokacin da zai tsaya da kansa, kuma gidan ƙwan yana iya yin ƙari ko ƙullutun ruwa kamar na kowa. Gwajin Pap ba ya gano sankarar gidan ƙwai, ko da mahaifa ko babu. Yin hoton ciki da gwajin jini duk shekara ga wadda ba ta jin komai ma bai tabbata yana ceton rai ba: wani babban bincike da aka yi a Birtaniya a kan mata fiye da dubu 200, wanda aka fitar da sakamakonsa na ƙarshe a 2021, bai ga raguwar mace-mace ba. Abin da ya rage shi ne lura da jiki. Kumburin ciki da ya ƙi sauka har makonni, saurin ƙoshi, ciwon mara da rama ba dalili, kada a jingina su ga gyambon ciki ko basir a yi ta shan jiƙo. Wadda mahaifiyarta ko 'yan uwanta suka yi sankarar nono ko ta gidan ƙwai ta faɗa wa likita, domin lissafinta dabam ne.

Wadda kuwa aka cire wa gidan ƙwai duka biyu tun tana da ƙuruciya, a rana ɗaya take faɗawa halin matan da suka manyanta: zafi ya taso mata daga ƙirji zuwa fuska, gumin dare, rashin barci, bushewar gaba da jin zafi wurin saduwa, sannan a ɓoye ƙashi yana raguwa kuma hatsarin ciwon zuciya yana ƙaruwa. Da yawa suna haƙuri da wannan a kan cewa ƙaddarar aikin ce, wasu kuma su koma ga masu sayar da kayan mata su riƙa cusa abin da ba su san haɗinsa ba a wurin da aka ɗinke. Akwai magani na asibiti da ke mayar da sinadarin istirojin da aka rasa, kuma wadda ba ta da mahaifa galibi shi kaɗai take buƙata ba sai an haɗa da sinadari na biyu da ake ƙara wa masu mahaifa ba. Ba kowa ya dace da shi ba, musamman wadda ta yi sankarar nono ko daskarewar jini a jijiya, don haka ba abin saye a kemis ba ne da shawarar maƙwabciya.

Batun jini yana buƙatar a tsaya a kansa. Wadda aka bar wa bakin mahaifa tana iya ganin ɗan ɗigo wata-wata idan ragowar fatar cikin mahaifa ta saura, kuma ko shi ya kamata likita ya tabbatar. Amma wadda aka cire wa mahaifa da bakinta ba ta da inda jinin al'ada zai fito. Na sha jin mata suna tambayar malamai ko su bar salla saboda jinin da suka gani shekara biyu ko biyar bayan aiki, kuma tambaya ce mai kyau, sai dai likita ya kamata ya fara jin ta. A watannin farko yana iya zama ɗan tsiron nama a bakin ɗinki, wanda ake ƙonawa cikin sauƙi. Daga baya yana iya zama bushewar fata. Yana kuma iya zama abin da ya fi haka. Haka nan ruwa mai wari, ƙaiƙayi ko gyambo a gaba da ya ƙi warkewa, da jin wani abu yana saukowa kamar zai fito, wanda alama ce ta zazzagowar saman farji. Fitsarin da ke zuba ba tsayawa kwanaki ko makonni kaɗan bayan aiki yana iya nufin an ji wa mafitsara ko bututun fitsari rauni, kuma ana gyara shi, ba abin ɓoyewa ba ne.

Game da duba na yau da kullum, ganin likita na makonni shida bayan aiki ba a tsallake shi, domin a nan ake tabbatar da ɗinkin ciki ya kama kafin a koma shimfiɗar aure ko ɗaukar kaya masu nauyi, kuma yana da kyau maigida ya ji wannan daga bakin likita da kunnensa. Bayan wannan, matar da aka cire wa bakin mahaifa saboda larurar da ba sankara ba, kuma ba ta jin komai, ba dole ne a riƙa duba cikin gabanta duk shekara ba. Ita da likitanta za su daidaita gwargwadon tarihinta. Amma nono yana nan kuma yana buƙatar dubawa, hawan jini da ciwon suga ba su san an yi tiyata ba, cututtukan da ake ɗauka ta saduwa ma suna kama wadda ba ta da mahaifa kamar yadda suke kama mai ita. Idan za a je, a tafi da takardar sallama da sakamakon gwajin nama, a kuma faɗa wa duk sabon likita abu uku tun kafin ya tambaya: shekarar da aka yi aikin, dalilin yin sa, da ko an bar bakin mahaifa da gidan ƙwai.