Yadda Ake Haɗa Taki a Gida

Da uwargida ta yi ƙorafin zogalenta na bayan ɗaki ya ƙi girma, maimakon atamfa sai na kawo mata tsohon durom da ƙaramin shebur. Har yau tana sa mini albarka.

Da farko, a huhhuda durom ɗin gefe da ƙasa don iska ta shiga, a ajiye shi a inuwa. A shimfiɗa busasshen ganye ko ƙaiƙayi, a zuba ɓawon doya, na ayaba, na ƙwai da ragowar kayan miya, a bi da kashin awaki kaɗan. Busasshe ya ninka ɗanye biyu. Ban da nama, mai da leda. Nama ɓeraye da ƙudaje yake tarawa.

Wajen ruwa ake yawan kuskure. Yayyafawa kawai ake yi, yadda in ka damƙa da hannu za ka ji laima amma ba ya ɗiga. Da hunturu yana saurin bushewa, a riƙa leƙawa.

A juya shi duk mako. In ya yi wari, a ƙara busasshe. Bayan wata 2 zuwa 3 zai yi baƙi, yana ƙamshin ƙasar ruwan farko. Sai a zuba a gindin shuka.