Kafin ka tsinki ganye a Ailan

Duk wanda ya taso yana ganin ana tsinkar tafasa da rama a bayan gari, in ya sauka Ailan ya ga ko'ina kore shar, sai hannunsa ya fara ƙaiƙayi. Dakata tukuna, ɗan'uwa. Ganyen miya da ganyen da ke kai mutum kushewa sukan fito a bakin rafi ɗaya.

Wanda za ka fara cin karo da shi shi ne nettle. Gashin jikinsa kawai ka taɓa, fatarka ta hau raɗaɗi. Duba kusa, yawanci akwai dock mai faɗin ganye. Shi yaran ƙauye ke murzawa su goga a wurin. Tsofaffinsu sun ce cin nettle sau uku a watan Mayu yana wanke jini. Batun wanke jini ka bar musu, amma miyarsa da dankali ba laifi: sa safar hannu, ka tsinki kan ganyen masu taushi, tafasa ɗaya raɗaɗin ya mutu.

Hemlock water-dropwort kuwa ko da wasa. A wuri mai dausayi yake fitowa, ganyensa kamar na seleri, saiwarsa farare masu kauri, kuma ɗan kaɗan ya isa ya kashe babban mutum. Foxglove mai furen nan kamar ƙararrawa yana rikita bugun zuciya. In yaro ya kai ɗayansu baki, kira lambar agajin gaggawa, 112 ko 999, nan take. Ragwort mai rawayan fure yana lalata hantar shanu da dawaki, shi ya sa tun 1936 doka ta ɗora wa mai gona alhakin kawar da shi.

Mutanen nan ba su bar iliminsu ya bi tsofaffi ba. Tsakanin 1937 da 1939 yaran firamare sama da 50,000 suka bi iyaye da kakanni suna rubuta abin da suka ji, har da magunguna, kuma rubutun hannunsu yana nan a shafin intanet na dúchas.ie. Ka karanta don fahimtar maƙwabtanka, ciwo dai a kai wa likita.

In ka ga bishiyar hawthorn ita kaɗai a tsakiyar gona, manomi yana zagaye ta da tarakta, kada ka karya reshenta. Gidan aljanu suka ɗauke ta, yadda wasu namu ke kallon tsamiya. Gonar ma tana da mai ita, sai ka nemi izini kafin ka haura shinge.