Yadda Ake Gane Abin da Ke Cin Data Ba Tare da Buɗe Fakiti Ba

Duk mai kula da intanet ɗin ofis ko kafe a Zoo Road ya san wannan ciwon kai: data na zurarewa, kowa kuma na rantsuwa aiki yake yi. A da lambar fot, wato lambar ƙofar da kowane irin aiki ke bi a intanet, ta isa ta tona asiri. Yanzu kusan komai ta fot 443 yake bi, a kulle. Amma wanda ya tsaya a gadar Ƙofar Nassarawa ba sai ya leƙa cikin mota ba kafin ya bambance tirela da Adaidaita Sahu. Girma da tafiya sun isa. Haka fakiti yake, wato ɗan ƙunshin da ake yayyanka data a aika ta a ciki.

Fara da kamu, bayan ka sanar da masu amfani da layin. Kunna Wireshark ko tcpdump, manhajojin kama fakiti, ka ajiye abin da suka kama a fayil ɗin pcap. Yi abu ɗaiɗai: minti goma na YouTube, sai kiran WhatsApp, sai saukar da babban fayil, kowanne da sunansa.

Sannan ka tara fakitocin da suka yi tarayya a abu biyar: adireshin IP na mai aikawa da na mai karɓa, fot ɗin kowannensu, da kuma tsarin aikawa, TCP ne ko UDP. Wannan tarin shi ne kwarara ɗaya.

Nan aikin yake. A kowace kwarara auna girman fakiti, tazarar lokaci tsakaninsu, tsawon zamanta, da yawan abin da ya shigo kan wanda ya fita. Kiran murya ƙananan fakiti ne, suna kai da komo tamkar bugun agogo. Bidiyo kuwa ya zubo manya, kusan bayit 1500 kowanne, ya yi tsit na 'yan daƙiƙu, ya sake zubowa. Saukar da fayil ba ya ko numfasawa. Manhajar CICFlowMeter za ta fitar maka da waɗannan alƙaluma a tebur.

Miƙa teburin ga Random Forest, wata dabarar koyar da na'ura da ke cikin manhajar scikit-learn, ka horar da na'urar ta gane kowace kwarara. Amma fa goge adireshin IP tukuna, in ba haka ba na'urar haddar adireshi za ta yi, ta ba ka sakamako mai daɗin ido, gobe ta kunyata ka.

Gwaji kuma kada ka yi shi da kamun rana ɗaya. Abin da ka kama da hantsi, gwada shi da na bayan isha'i, lokacin da layi ya cushe, tazarar fakiti ta rikice. Idan na'urar ta fara ɗaukar bidiyo a matsayin saukar da fayil, haɗa kamun daren cikin teburin ka sake horar da ita.